Waƙar Girkawan Dauri Ba a Hawanta da Gaggawa

'Ya'yana, ku da kuka ƙare digirin farko kuka ce sai kun zurfafa a waƙoƙin Girkawan dauri, na san kun sha tambaya a gida. Kawu ya ce me za a ci da waƙar mutanen da ƙasa ta rufe wa ido tun shekara 2,500 da suka wuce, gwaggo ta ce ai da likitanci kuka karanta. Zan zo kan wannan daga baya. Abin da ya fi damuna shi ne halin da nake ganin wasu na shiga bayan sun tsallake wannan tambayar. Sun samu gurbi, sun shiga da zumuɗi, amma kafin shekara ta zagayo gwiwa ta yi sanyi. Basira kam suna da ita. Gaggawa ce ke kayar da su, kuma kusan kullum iri ɗaya ce: suna so su yi magana a kan waƙa tun kunnensu bai iya jin ta ba.

Ɗalibi yakan zo da jigon bincikensa a shirye, wai matsayin mata a waƙoƙin Safo, ko mulki da fushi a Iliyad. Ya karanta fassarar Turanci ya haddace sunayen masu ra'in adabi, bakinsa kamar ya ƙare. Ranar zaman farko, ɗalibai shida ko bakwai sun kewaye tebur, malami ya buɗe littafi ya ce, "Ɗauko mana daga ɗango na 200, karanta da ƙarfi, sannan ka fassara." Nan ake jin shiru. Yana ganin kalmar aikatau ya kasa gane tushenta, balle ya nemo ta a ƙamus, domin aikatau na Girkanci yakan sauya kama har gaba da baya, wani lokaci ma tushen kansa ya canza daga wannan lokaci zuwa wancan. Jami'o'in da suka ɗauki wannan fanni da gaske, musamman a Amurka, sukan miƙa wa ɗalibin digirin digirgir jerin littattafan da zai karanta cikin Girkanci da Latin, sannan su zaunar da shi jarrabawar fassara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganin abin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Iliyad ɗango 15,000 ne da ɗoriya, Odisi kuma 12,000 da 'yan kai. Wanda ya ɗaure wa kansa ɗango 50 kullum zai sauke Iliyad kafin shekara ta cika. Watan farko wuya ce zalla, ɗango goma ma sai ya cinye muku hantsi guda. Amma Homa, mai waƙoƙin nan biyu, mai maimaita kalmominsa ne, don haka duk wanda ya jure littattafai uku ko huɗu na farko daga cikin 24 ɗin zai ga hanya ta fara buɗewa da kanta. Ku yi hattara da abubuwa biyu masu kama da taimako. Akwai ƙananan littattafan nan na Loeb masu koren bango, Girkanci a shafin hagu, Turanci a na dama. Ido ɓarawo ne, kafin ku ankara ya zame dama, ku tashi kuna zaton kun karanta Girkanci. Akwai kuma shafin Perseus a intanet da makamantansa, inda za ku taɓa kalma a faɗa muku tushenta nan take, ga kuma manhajojin zamani masu fassara shafi guda cikin ƙiftawar ido. Ban ce ku ƙaurace musu ba, ni ma ina leƙawa. Sai dai ku bari sai kun yi kokawa da ɗangon tukuna, kun ce ga abin da nake zato, sannan ku duba. Kalmar da kuka sha wuya kafin ku gano ta ita ce ke zama a kai.

Wani abin da ke firgita sabon shiga shi ne Girkancin da aka koya masa a aji ba shi zai tarar a waƙa ba. Ana fara koyar da karin harshen Atina, wanda Aflatun ya yi rubutu da shi. Wasunku kuma ta makarantar tauhidi suka biyo, sun iya Girkancin Sabon Alkawari, wanda ya fi wancan sauƙi nesa ba kusa ba. To waƙa kowane iri da karin da ake yin sa. Harshen Homa mafi yawansa na mutanen Iyoniya ne, gauraye da tsofaffin kalmomi daga wasu kare-karen, kuma babu garin da aka taɓa ciniki da shi a kasuwa. Harshe ne da mawaƙa suka yi ta gado suna ƙara masa. Safo da Alkayos da karin tsibirinsu na Lesbos suka yi waƙa. Findar da sauran masu shirya wa ƙungiya waƙa sukan shafa wa tasu launin karin Doriyawa. A wasan kwaikwayon Atina ma, 'yan wasa na zance da karin gari, da zarar 'yan amshi sun karɓa sai wasula su sauya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Kada ku ce za ku haɗiye su duka lokaci guda. Ku zauna da Homa har ya zama ɗan gida, domin sauran duk sun sha daga gare shi.

Yanzu bari in faɗa muku inda kuka fi abokan karatunku na Turai gata, ko da yake da yawanku ba su san suna da shi ba. Waƙar Girkawa ba ta da amsa-amo. Bahaushen da ya saba jiran harafin ƙarshen baiti zai yi ta jira a banza. Abin da ke riƙe da ita shi ne awon gaɓoɓi, wannan mai nauyi, wannan marar nauyi, kamar dai yadda arulin Halilu ɗan Ahmad yake auna waƙar Larabci, kuma yadda marubuta waƙoƙinmu suke auna tasu. Gaɓar da ke da dogon wasali ko ta rufe da baƙi mai nauyi ce, mai gajeren wasali a buɗe kuwa marar nauyi. Ɗangon Homa ƙafa shida gare shi. Kowace ƙafa ko dai mai nauyi ɗaya da marasa nauyi biyu, kamar ku ce "Sakkwato", ko kuwa masu nauyi biyu, kamar ku ce "gona". Ƙafa ta biyar kusan kullum irin ta "Sakkwato" ce, ta shida kuma gaɓa biyu ce tak. Baturen Ingila yakan sha fama da wannan, saboda harshensa da dannawa yake aiki, sai ya riƙa buga ɗangon kamar mai fareti. Ku kuwa tun kuna goye kunnenku ke rarrabe dogon wasali da gajere. Rubutun Girkanci ya ware wa dogon "e" da dogon "o" haruffansu daban, amma "a" da "i" da "u" sai mai karatu ya san tsawonsu da kansa, abin da kuke yi kullum in kuna karanta boko.

Har ila yau, waɗancan 'yan alamomin da ke saman kalmomi, waɗanda ake jingina ƙirƙirarsu ga malamin ɗakin karatun Iskandariyya Aristofanis na Bizantiyom wajen shekara 200 kafin Miladiyya, hawa da saukar murya suke nunawa. Mai harshen da ke da karin sauti ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma fa gatan nan sai an yi aiki da shi. Na ga ɗaliban da suka taso cikin Ishiriniya da waƙoƙin wa'azi, suna iya gane karyayyen baiti daga nesa, amma da suka zo gaban Girkanci sai suka kulle baki suna karatu da ido kawai, wai kada a yi musu dariya. Ku karanta da murya, ku auna kowane ɗango da fensir har hannu ya daina buƙatar fensirin. Kuma kada ku tilasta wa ɗangon Homa shiga Mutaƙarab ko Kamil. Ma'aunin gaɓa ɗaya ne, tsarin ƙafafun daban.

Awon nan ba ado ba ne kawai, kayan bincike ne. A farkon ƙarni na 18 wani malamin Ingila, Richard Bentley, ya lura cewa akwai wurare da yawa da ɗangon Homa ke ɗingishi, amma in aka maido da sautin "w" a farkon wasu kalmomi sai ya miƙe. Sautin ya ɓace daga rubutun, awo ya riƙe gurbinsa. Da Michael Ventris ya warware rubutun allunan yumɓu na zamanin Maikine a 1952, sai ga irin waɗannan kalmomi an rubuta su da "w" ɗinsu, ƙarnoni kafin Homa. Wanda bai iya awo ba, wannan ƙofa a rufe take gare shi.

Sai batun matanin kansa, kuma nan ne na fi ganin an yi asarar wahala. Littafin da za a ba ku, bugun Oxford ko na Teubner, yana zuwa tsaf-tsaf, sai ku ɗauka haka mawaƙin ya bar shi. Ku dubi ƙasan shafin. Akwai wasu 'yan layuka da ƙananan haruffa, cikin Latin da aka taƙaita, waɗanda ɗalibai ke tsallakewa. Nan editan ke gaya muku cewa kwafi kaza ya ce kaza, kwafi kaza ya saɓa, wannan kalma kuma babu ta a kowane kwafi, wani malami ne ya yi hasashenta. Shahararren kwafin Iliyad da ke ajiye a birnin Benis, wanda ake kira Venetus A, a ƙarni na 10 Miladiyya aka rubuta shi, fiye da shekara 1,500 bayan zamanin da ake sa ran an tsara waƙar. Gefunansa cike suke da hashiya mai ɗauke da ra'ayoyin malaman Iskandariyya irin su Aristarkos, waɗanda tun a wancan lokaci suke gardamar ɗangon da ke na asali da wanda aka cusa. Duk wanda ya taɓa gwama kwafi biyu na rubutun hannu a zauren malam ya san yadda alƙalamin mai kwafa ke tsallake layi.

Homa ma ke nan, da ya zo mana cikakke. Sofokilis ya rubuta wasanni fiye da 120, bakwai suka tsira. Safo, wadda Girkawa suka ɗaukaka ƙwarai, waƙarta ɗaya ce kawai ta iso cikakkiya, ita ma don wani malamin balaga ya kwafe ta a littafinsa a matsayin misali. Sauran guntaye ne. Da yawa daga cikinsu a juji aka tono su, a garin Bahnasa na Masar, wanda Girkawa ke kira Oksirinkos, inda Grenfell da Hunt suka fara haƙa a hunturun 1896 zuwa 1897. Busasshen yashi ya adana takardun fafiras da mutanen garin suka zubar, kuma har yau ana kan buga abin da aka kwaso, an wuce mujalladi 80. In kun buɗe shafin irin waɗannan guntaye za ku ga rabin ɗango, sai baka mai kusurwa, sai fili. Harafin da aka ɗiga wa ɗigo a ƙasa, editan bai tabbata shi ya gani ba. Duk abin da ke cikin bakar kuwa babu shi a takardar, cikon edita ne. Na taɓa zama a wajen kare wani kundi inda ɗaliba ta gina babi guda a kan kalma ɗaya mai daɗi a wani guntun waƙa. Mai jarrabawa na waje ya bari ta gama bayani, sannan ya tura mata littafin, ya ɗora yatsa a kan bakar ya ce, "Wace ce ta faɗi wannan, mawaƙiyar ko editan?" Haruffa biyu ne kawai na mawaƙiyar. Fassarar da ɗalibar ta dogara da ita ta share bakar don karatu ya yi santsi. Ke 'yata, in Safo ce ta ja hankalinki, ki koyi waɗannan alamomi tun makon farko, kuma in akwai hoton takardar ki duba da idonki. Gani ya kori ji.

Ku kuma riƙa tambayar inda takarda ta fito. A 2014 duniya ta ɗauka da murnar sabuwar waƙar Safo a kan 'yan'uwanta maza, amma labarin yadda aka samo takardar ya zo ya kasa tsayuwa, har kamfanin da ya buga babin da ke bayanin asalinta ya janye shi a 2021.

Akwai wata jarraba da ta keɓanta da ku, ita ce ta kwatance. Milman Parry ya nuna a kundinsa na Faris a 1928 cewa laƙuban da Homa ke liƙa wa jarumai da alloli tsari ne na gado: kowane suna yana da laƙabin da zai cike wannan gurbi na ɗango da wanda zai cike wancan, shi ya sa za ku ga an yabi Akilis da saurin ƙafa alhali yana zaune. Daga 1933 zuwa 1935 Parry ya je Yugosilabiya, ɗalibinsa Albert Lord ya mara masa baya, suka naɗi muryar mawaƙan baka masu goge, cikinsu har da Avdo Međedović, wanda ya ba su waƙa guda mai ɗango fiye da 12,000 ba tare da ya iya karatu ba. Parry ya rasu a 1935, Lord ya fitar da littafin da ya yaɗa ra'in a 1960. Bahaushe na jin wannan zai ce ai mu muka san zancen, ga kirari, ga makaɗan fada. Da ya ci karo da Findar kuwa sai murna ta ƙaru: mawaƙin yabo ne da ake biya, ya yabi Hiyeron mai mulkin Sirakus da dokinsa ya ci tsere a Olimfiya a shekara ta 476 kafin Miladiyya, har sunan dokin ya ambata, ya kuma yabi Arkesilas sarkin Kirene, a ƙasar Libiya ta yanzu, kan tseren keken doki na 462. Nan da nan sai a ce ga Narambaɗan Girkawa.

Kwatancen yana da amfani, kuma ina ganin kun fi kowa cancantar yin sa. Kun san yadda yabo ke tafiya da habaici, kun san mawaƙi na iya yi wa ubangidansa gargaɗi a cikin kirari, abin da wasu masu sharhi suka daɗe suna kai-kawo a kansa. Amma kama da wane ba wane ba ne. Findar ba makaɗin fada ɗaya ba ne, birane daban-daban ke ɗaukarsa aiki. Ƙungiya ce ke rera waƙarsa da rawa, cikin awo mai sarƙaƙiya da yake sabuntawa kusan kowace waƙa, yakan kuma bar wanda ya ci tseren ya shiga dogon labarin jaruman dauri. Kiɗan kuwa ya ɓace. Shi ma ra'in Parry da Lord ba ya hawa kan kowace waƙar baka. Ruth Finnegan ta nuna a 1977 cewa akwai al'ummu, kamar Somaliyawa, da mawaƙi ke tsara waƙarsa tun da wuri a haddace ta, ba a fagen rerawa yake ƙirƙirarta ba. In za ku gwama, ku san ɓangarorin biyu da zurfi ɗaya. Kundin da ya san Findar ta fassara ya kuma san Ɗanƙwairo ta tunanin yarinta, ba zai gamsar da malaman Girkanci ba, na Hausa ma za su yi masa dariya.

Wasunku kan zo mini a asirce da damuwar cewa waƙoƙin cike suke da alloli masu faɗa da kishi da neman mata. Haka ne. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Jahiliyya, su Imru'ul Ƙaisi, don lugga da balaga, ba wanda ya ce imaninsu ya raunana. Girkawan ma ba duka suka yarda da hoton ba, Zenofanis da Aflatun sun soki Homa a kan haka. Abin da zan roƙe ku shi ne kada ku mai da kundi filin yi wa matattu wa'azi. Ku fahimci abin da mai sauraro na wancan zamani ya ji tukuna.

Jamusanci da Faransanci kuwa ba makawa, Italiyanci ma in guntayen waƙoƙi kuka nufa, domin muhimman sharhohi da yawa ba a fassara su ba. Ku fara tun yanzu, iya karatu kawai ake nema. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu da ɗaya. Kuma ku rage faɗin jigo. Eduard Fraenkel ya cika mujalladi uku a 1950 a kan wasa guda na Eskilos, Agamemnon, wanda bai kai ɗango 1,700 ba. Waƙa ɗaya ta Findar ta ishi digiri na biyu har ta yi saura. Ko da sha'awarku ta fi karkata ga yadda Ola Rotimi da Wole Soyinka da Femi Osofisan suka sake ɗinka wasannin Girkawa, sai kun san asalin ƙyallen kafin ku gane inda suka yanka.

To, tambayar kawu. Gaskiya yake da ita ta wani gefen, kada ku raina ta. Guraben koyar da wannan fanni kaɗan ne ko'ina a duniya, wasu ma rufewa ake yi, kamar yadda Jami'ar Howard ta Amurka ta rushe sashenta a 2021. A nan kusa akwai sashen Jami'ar Ibadan, wanda ke cikin na farko-farko tun kafa kwalejin a 1948, akwai kuma Legon da Cape Coast a Gana. Shawarata, kada ɗayanku ya sayar da gonar gado ko ya ci bashi don digirin digirgir a wannan fanni. In jami'a na son ku, ta ɗauki nauyinku. Ku riƙe wata sana'ar a gefe da karatun zai ƙarfafa, ko koyar da harshe, ko aikin edita da fassara, ko kula da tsofaffin rubuce-rubucen hannu, wanda ɗakunan ajiyarmu na Kano da Kaduna da Sakkwato da Yamai ke buƙatar masu horo a kansa. Kafin ku amsa tayin gurbi, ku rubuta wa ɗaliban da ke hannun malamin da zai duba ku. Ku tambaye su ko yana zama ya karanta matani da su ɗango-ɗango, wata nawa babi ke yi a teburinsa kafin ya dawo, da kuma inda waɗanda suka gama a hannunsa suke aiki yanzu.